Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya kewaye duwatsun Zinder da garu

Ranar Talata 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi da aka tafka a Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni ya rufta. Hotunan faɗuwarsa sun yi ta yawo a wayoyin jama'a daga Zinder har Yamai, kuma mutane da dama sai a ranar suka ji cewa ginin ya haura shekara 170 a tsaye. An ɗora tubalinsa ne a tsakiyar ƙarni na 19, daidai lokacin da wani ɗan sarki mai suna Tanimun ke komawa kan karagar da aka taɓa sauke shi daga kanta. Fadar da ake kai baƙi su gani, da guntayen garun da suka rage a gefen unguwa, su ma daga zamanin wannan mutum suka fito.

Tanimun ɗan Sulaimanu ya yi sarautar Damagaram sau biyu. Ta farko gajera ce, daga 1841 zuwa 1843. Ta biyu ta fara a farkon shekarun 1850, ba ta ƙare ba sai da rasuwarsa a 1884, wato sama da shekara 30. 'Yan lakwal sun san sunansa daga darasin tarihi, amma kaɗan ne a cikinsu aka taɓa kama hannunsu aka zagaya da su Birni, aka nuna musu cewa abin da ke cikin littafin ga shi nan a ƙasa, ana taka shi kullum a hanyar zuwa kasuwa.

Kafin sarki da garu, duwatsu ne suka riga kowa zama a wurin. Duk wanda ya shigo Zinder ya san su: manyan curarrun duwatsu masu santsi, wani kan wani, kamar an jera su da hannu, wasu a tsakiyar gidajen mutane. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a garin ranar 25 ga watan Disamba na 1852 ya kuma zauna har ƙarshen Janairu na 1853, ya lura da abin da duwatsun ke yi wa garin. Ruwan damina na taruwa a gindinsu, kusa da doron ƙasa, har ana noman taba a wurin, ga kuma bishiyoyin dabino nan da can. Ya kwatanta Zinder da ƙofar shiga ƙasar Sudan ga mai zuwa daga hamada. Mazaunin Zinder na yau da ke jiran ɗan garuwa tun asuba zai yi murmushi idan ya ji wannan bayani. Amma ba ƙarya Barth ya yi ba. Dutsen da ke riƙe ɗan ruwan da ya ishi ƙaramin gari, shi ne kuma yake hana samun babbar rijiya mai zurfi da za ta shayar da babban birni, dalilin da ya sa a yau sai an jawo ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza.

Gidan sarautar da Tanimun ya fito daga cikinsa asalinsa Barebari ne. Kakan gidan, wanda ake kira Malam, ya kafa sarautar a farkon shekarun 1730 a gabas da Zinder, kuma sunan Damagaram ta Kaya na nan yana tuna wa mutane inda abin ya faro. Ƙaramar sarauta ce a lokacin, ɗaya daga cikin masu kai gaisuwa Barno. Mahaifin Tanimun, Sarki Sulaimanu, shi ne ya zaunar da ita a Zinder a farkon ƙarni na 19. Lokacin kuwa ƙasar Hausa na cikin girgiza. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawar da sarakunan Haɓe ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka tsira suka yo arewa. Ɗan Kasawa na gidan sarautar Katsina a ƙasar Damagaram ya fara fakewa kafin ya je ya zauna a Maraɗi. Sarakunan Daura na dā su ma suka koma zama a ƙarƙashin inuwar Damagaram, a Zango da Baure. A cikin wannan yanayi Tanimun ya tashi: gari na cika da baƙi masu neman mafaka, daular Sakkwato na kudu, Barno na gabas, kuma Damagaram ba ta taɓa shiga hannun masu jihadi ba.

Bayan Sulaimanu, ɗansa Ibrahim ne ya hau a 1822. Tsakanin Ibrahim da ɗan'uwansa Tanimun aka yi ta ja-in-ja na shekaru, irin rikicin 'yan gida ɗaya da kowace masarauta ta sani. Abin da ya bambanta wannan shi ne, ba a Zinder ake yanke hukuncinsa ba. Shehun Barno da ke Kukawa shi ke da ta cewa kan wanda zai zauna da wanda zai tashi. Tanimun ya ɗanɗana mulki shekara biyu, aka mayar da Ibrahim, shi kuma ya koma jira na kusan shekara goma. Idan aka dubi abin da ya yi bayan ya dawo, da wuya a ce bai ɗauki darasi daga wannan saukewa ba. Duk manyan ayyukansa sun karkata ne ga abu guda, kada wani daga waje ya sake iya tumɓuke sarkin Damagaram.

Na farko shi ne garu. A tsakiyar shekarun 1850 ya sa aka tayar da ganuwar da ta kewaye Birni, ta haɗa har da wasu daga cikin duwatsun a cikinta. Faransawan da suka gan ta a 1899 sun ba da labarin bango mai tsayin kusan mita 10, mai kauri ƙwarai daga tushe yana sirancewa zuwa sama, da ƙofofi bakwai. Ya kamata a ɗan tsaya a yi tunanin abin da wannan ke nufi a zamanin da ba mota, ba amalanke ta ƙarfe, ba siminti. Kowane dunƙule na wannan bango, wani ne ya haƙo ƙasarsa, wani ya ɗebo ruwa a tulu ko a salka, aka cuɗa da ƙafa, aka bar ta ta kwana, aka mulmula tubali aka shanya, sannan aka miƙa wa magini a sama, hannu zuwa hannu. A garin da ruwa ke da tsada, kwaɓa laka mai yawan haka kaɗai aiki ne da sai mai iko. Talakawan ƙauyuka da bayi ne suka ɗauki nauyin, ba kuma da son ransu duka ba. A garuruwan Hausa masu ganuwa, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini su ne ke zama kududdufai, saboda haka tabkin da ke cika da damina a gefen tsohuwar unguwa sau da yawa shi ne ɗaya rabin tarihin bangon: nan aka cire, can aka ɗora.

Akwai labarin da ake bayarwa a Zinder har gobe, cewa an binne Alƙur'anai da 'yan mata budurwai a cikin garun domin kada maƙiyi ya taɓa cin garin. Labari ne na baka, kuma ana jin irinsa game da ganuwar wasu garuruwan. Sai dai yadda ya daɗe a bakin mutane na nuna irin kallon da talakawa suka yi wa aikin da mai aikin. Ba a ƙirƙira wa sarki mai sanyin hali irin wannan labari.

A cikin garun aka gina fada, wadda har yau a cikinta Sarkin Damagaram ke zaune. Ita ma laka ce da azara, zaure na bi wa zaure, ta yadda baƙo ba ya isa gaban sarki sai ya ratsa ƙofofi da dogarai. Mai hawa babur ya wuce ta ƙofar fada ba zai ga komai ba face tsohon bango. Wanda ya sauka ya shiga zauren farko da tsakar rana a watan Afrilu, ya ji sanyin da ke ciki, shi zai gane cewa maginan Tanimun sun san ƙasarsu fiye da yawancin masu aza kwano a yau.

Kuɗin wannan duka daga ina? Amsar tana wajen garu, a arewa, a unguwar Zango. Nan ne masaukin ayarin Buzaye, musamman Kel Ewe na Abzin, da fataken Larabawa na Gadamas da Gat. Hanyar da ta taso daga Tarabulus ta ratsa Gat da Abzin da Damargu, a Zinder take hutawa kafin ta ƙarasa Kano, mai tazarar kimanin kilomita 240. Daga arewa ana sauke yadi, takarda, sukari, tsakiya da bindigogi, ga gishirin Bilma. Daga kudu ana ɗora fatu jemammu, turkuɗi na Kano, hauren giwa, da gashin jimina wanda kasuwarsa ta tashi sosai a Turai a shekarun 1870. A wancan zamani hanyar Barno zuwa Fezzan ta yi ta samun matsala, ta Kano da Zinder kuwa tana bunƙasa, kuma Tanimun ya san yadda zai ci moriyar wannan sauyi. Rabuwar Birni da Zango da ake gani har yau ba haɗari ba ne: sarauta a cikin garu, kasuwanci da baƙi a waje inda ido ke kansu. Manyan gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye a kai da ke unguwannin biyu, gadon wannan arziƙi ne, ko da yake da yawansu an gina su ko an sabunta su daga baya.

A cikin kayan da ake ɗorawa zuwa arewa akwai wanda ba a so a ambata a wurin biki, wato mutane. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, zamanin Ibrahim, ya rubuta yadda sarki ke fita hari ya dawo da kamammu, wani lokaci ma daga ƙauyukan da ke ƙarƙashin Barno ɗin kanta, a biya bashin fatake da su. Tanimun bai ƙirƙiro wannan tsari ba, gadonsa ya yi, amma a hannunsa ya girma. Daular Usmaniyya ta haramta fataucin bayi baƙar fata a 1857, sai dai hamada na da faɗi, ayari bai daina tafiya ba. Waɗanda ba a sayar ba kuwa aka zaunar da su a gonakin sarki da na manyan fada, ko aka sa su cikin rundunar yaƙi.

Rundunar nan ita ce aikinsa na biyu. Yaƙin ƙasar Hausa a lokacin na doki ne da mashi da kwari da baka, bindiga ƙawa ce kawai a hannun 'yan tsiraru. Tanimun ya sayi bindigogi dubbai ta hanyar Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi a gida, maƙeran Zinder kuma suka koyi zuba igwa da tagulla. A duk yankin da ke tsakanin Kwara da tafkin Chadi, ba sarkin da ya yi suna da makaman wuta kamarsa a zamaninsa. Wa ya danƙa wa bindigogin? Ba 'yan'uwansa 'ya'yan sarki ba, domin ya san abin da ɗan sarki ke iya yi da makami, shi ma ya taɓa zama ɗan sarki mai jiran gado. Bayinsa ya ba, ya kuma ɗaukaka wasunsu zuwa manyan muƙamai a fada, mutanen da ba su da dangi a gari, ba su da wata madogara sai shi. Tasirin wannan tsari ya daɗe bayansa. A 1906, da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka kai shi Kodebuwa, bawan fada Ballama suka ɗora ya riƙe garin.

Da wannan runduna ya faɗaɗa ƙasar. Tsofaffin sarautun Sosebaki, Mirya da Washa da Dungas, waɗanda suka girmi Damagaram da ƙarnuka, ikon Zinder ya danne su. Ta gabas ya kai hannu ƙasar Muniyo, wajen Gure, alhali ita ma mai biyayya ce ga Barno kamar shi. Ta kudu kuwa garuruwan iyakar Kano da Gumel da Kazaure sun sha ganin ƙurar dawakin Damagaram. Saboda haka sunan Tanimun ba ɗaya yake ba a kunnen kowa. A ƙofar fada kirari ne. A wasu ƙauyukan Magarya da Kance da ƙetaren iyaka, akwai gidajen da labarin kakanninsu ya fara da gudu cikin dare, ko da wani da aka tafi da shi bai dawo ba. Mai tafiya Mirya ya sayo rake da kayan lambu, kilomita 20 kacal daga Zinder, yana shiga garin da ya taɓa zama sarauta mai cin gashin kanta tun Zinder na ƙauye.

Dangantakarsa da Kukawa wasa ne na mai wayo. Bai fito fili ya yanke igiya ba, amma gaisuwar da ake kai wa Shehu Umar ta koma sai lokacin da ya ga dama, umarnin Shehu kuma ya koma shawara. Likitan nan Bajamushe Gustav Nachtigal, da ya isa Kukawa a 1870, ya tarar da batun sarkin Zinder na cikin abubuwan da ke damun fadar Barno. Mutumin da Kukawa ta taɓa saukewa cikin sauƙi, yanzu ya zama wanda ake tunani sau biyu kafin a aika masa da manzo. Ya rasu a 1884 yana kan karagarsa, a cikin garun da ya gina.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Rabe ya ci Barno a 1893, shekarar da ɗan Tanimun, Amadu Kuran Daga, ya hau sarauta, wanda babbar makarantar lise ta Zinder ke ɗauke da sunansa. A watan Mayu na 1898 aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a Zinder. A ƙarshen watan Yuli na 1899 sojojin Faransa, ragowar ayarin Voulet da Chanoine, suka gamu da rundunar Damagaram a Tirmini, yamma da gari. A fili aka yi yaƙin, kuma bindigogin zamanin Tanimun ba su iya da na Nasara masu saurin ɗuri ba. Garun da aka kashe ƙarfin dubban mutane a kansa bai tare kowa ba, shekara 15 kacal bayan rasuwar mai shi. Kuran Daga ya fice daga garin, aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba. Faransawa suka hau kan dutsen da ke kallon Birni suka gina barikinsu, suka sa masa sunan Cazemajou. Su ma sun karanci ƙasar yadda Tanimun ya karance ta, sai dai su sama suka zaɓa. Zinder ta zama babban birnin mulkin mallakar Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Kowace shekara bayan damina sai an bi shi an toshe tsaga, an gyara indararo, an mayar da abin da ruwa ya wanke. A zamanin Tanimun umarnin sarki ne ke tara hannayen da za su yi wannan aiki. Da mulki ya koma bariki, ba wanda ya sake kiran jama'a domin garu. Wani sashe aka rusa, saura damina ta yi ta ci a hankali, gari kuma ya tsallake shi ya bazu. Abin da ya rage a yau 'yan guntaye ne masu kama da tudun ƙasa, waɗanda baƙo zai wuce bai san ya wuce ganuwa ba. A nan akwai tambaya mai nauyi ga masu son a raya kayan tarihi, domin ƙarfin da ya tayar da waɗannan gine-gine ƙarfin tilas ne, kuma ba wanda ke fatan ya dawo. Dole a samo wata hanyar biyan magina, ga shi kuma masu sanin aikin tubali da azara na raguwa, matasa sun koma bulo. Shafa wa bangon laka siminti, wanda wasu ke ɗauka gyara ne, sau da yawa riƙe danshi yake a ciki har bangon ya ruɓe ba a sani ba.

Ɗan Zinder ne ya fi kowa ƙoƙarin mayar da Tanimun cikin hankalin 'yan Nijar. Farfesa André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa yanzu, ya wallafa littafinsa kan Damagaram a ƙarni na 19 a shekarar 1971, bayan ya zauna da tsofaffi ya ji daga bakinsu, sannan a 1973 ya fitar da wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune. Da Faransanci aka rubuta su duka biyu, abin da ya sa jikokin waɗanda suka ba da labarin, masu zama a gindin garun, da yawansu ba su taɓa karanta su ba.

A shekarar 2006 Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan tsohon garin Zinder, unguwar Birni da fadar sarki, a jerin wuraren da take fatan a amince da su cikin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas, wanda ayarinsa ke sauka a Zango a zamanin Tanimun, ya samu shiga a 2013. Zinder na nan a jerin jira, kuma masallacin da ya faɗi a watan Satumba na 2024 a cikin unguwar da takardar ta ambata yake.